Mama Rannu da Baƙi Masu Shara

Ranar da Darwis ya sauko daga jirgin ruwan da ke zuwa daga garin Ampana da sabuwar dabararsa, Mama Rannu tana bayan masauki tana dukan katifu a rana. Aikinta ke nan duk ranar da gari ya washe, don a ganinta kuɗin cizo ba ya jin magani, rana kaɗai yake tsoro. Darwis shi ne mai masaukin. Ɗan ƙanin mijinta marigayi ne, kuma da hannunta ta yi masa wanka yana jariri. Yanzu ya ajiye tumbi, ya koma birni da zama, sai jefi-jefi yake leƙo tsibirinmu na Labeka da baƙin tabarau a goshi.

"Goggo, sannu da aiki. Ajiye sandar nan mu yi magana."

"Ba da kunne nake riƙe da ita ba. Faɗi, ina ji."

Sai ya faɗa. Wai yanzu masaukan 'yan jakar goyo, masu yawon buɗe ido da jaka a baya, tun daga Bali har ƙasar Tailan, sun rage ɗaukar ma'aikata. Matafiyan da kansu suke aikin. Ka ba mutum gado da abinci, shi kuma ya yi maka shara da wanke-wanke da safe, sauran yinin ya tafi ya yi ta iyonsa. Wai har rububi suke yi. Ya sa cigiya a waya, kafin shayinsa ya huce amsa ta yi masa yawa. Biyu daga cikinsu suna nan tafe.

"Baƙi?" ta ce. "Baƙi ne za su yi mana shara?"

"'Yan sa kai ake ce musu, Goggo. Su suka roƙa."

"To ni fa?"

Darwis ya sauke tabarau daga goshi ya rufe idonsa da shi, ya juya wajen teku. "Gwaji ne. Mu gani zuwa lokacin da iskar yammacin teku za ta taso, baƙi su yi ƙaranci. In sun riƙe gidan, ke sai ki huta haka nan, ai kin yi. Nirma ta daɗe tana cewa ki koma wurinta. Ɗakin nan naki na bayan kicin kuma sai in sa gadaje masu hawa biyu a ciki."

Ta ɗaga sanda ta ci gaba da dukan katifa har ya gaji da tsayuwa ya tafi.

Nirma 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya bar mata. Tana aure a birnin Palu, a ɗakin haya a saman shagon gyaran babura, ita da miji da 'ya'ya uku. Mama Rannu ta taɓa zuwa suna can. Barci ya ƙaurace mata, ƙafafunta suka kumbura don rashin taka ƙasa, duk tagar da ta leƙa kuma bangon wani take gani. Tun kafin a gama rabon naman suna ta ɗaure kayanta. Saboda haka da Darwis ya ce hutu, ta san abin da yake nufi. Ba ta da wani gida a Labeka sai ɗakin nan na bayan kicin. In aikin ya tafi ɗakin ya tafi, in ɗakin ya tafi ta bar tsibirin ke nan.

A nan aka haife ta, a wani gida mai ƙafafun katako a bakin ruwa, wanda teku ya cinye a hankali bayan rasuwar iyayenta. Ta iya tuƙa kwalekwale tun kafin ta iya ɗaura zani. Ta auri Latang, mutumin da ya fi kowa dariya a garin, ya kuma fi kowa rashin sa'ar kifi. Tana amarya a gidan surukanta Turawa biyu na farko suka sauko daga jirgin kwakwa, kowanne da jaka a baya wadda ta fi shi faɗi, suka roƙi wurin kwana a baranda.

"Me suke sayarwa?" ta tambayi Latang.

"Ba komai."

"To daga me suke gudu?"

Latang ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ma bai sani ba. Har yau kuwa babu wanda ya ba ta amsar da ta gamsar da ita. Amma ta soya musu ayaba, ta ba su tabarmar aurenta. Su biyun nan suka je suka gaya wa wasu, wasun suka gaya wa wasu. Uban Darwis ya kafa bukkar gora ɗaya, ya ƙara ta biyu, daga baya ya yi dogon ɗakin nan da ake jera gadaje, inda mace da namiji da ba su san juna ba suke kwana gado kusa da gado, abin da ya ɗauki liman shekaru kafin ya daina ambatawa a huɗuba. Da ciwon ƙirji ya ɗauke Latang, sai aka yanka mata ɗaki a bayan kicin. Tun daga nan ita ce shara, ita ce wanki, ita ce girki. Ita ke cire ƙayar teku daga tafin ƙafar wanda ya ƙi sa takalmi, ita ke shafa man kwakwa a bayan wanda rana ta gasa. Baƙi suna zuwa da niyyar kwana biyu su yi wata, ranar tafiya su rungume ta suna kuka, su ce lalle za su dawo. Ba sa dawowa, kuma ba ta taɓa riƙe su da wannan ba.

Abu ɗaya ne Darwis ya yi kamar ya manta, alhali a nan aka yanke masa cibiya. A Labeka baƙo ba ya taɓa aiki. Ba ya ɗaukar tsintsiya, ba ya jan guga, ko kwanon da ya ci abinci ba ya kai wa wurin wanki. In aka ga baƙonka da bokiti a hannu, an gama da gidanka a bakin mutane. Akwai wani dangi a unguwar masallaci da har gobe ake ce musu jikokin mai sa baƙo ɗiban ruwa, kuma shi kakan nasu babu mai rai da ya taɓa ganinsa. Ban ce al'adarmu ta fi ta kowa ba. Amma da ita aka yaye mu, kuma Mama Rannu ta sha ta fiye da kowa.

'Yan sa kan suka iso. Macen sunanta Marta, daga Sifaniya, mai tarin gashi da dariya a kusa, ta tsinci 'yan kalmomin yarenmu a hanya tana ta jefa su ko'ina. Namijin Yoris, daga Holan, dogo ne har ba ƙofar da bai gaisa da ita da goshi ba. Marta tana ganin Mama Rannu ta jefar da jaka ta rungume ta.

"Mama! An ba ni labarinki tun daga Gorontalo. An ce ayabarki ta fi ta kowa!"

Washegari da hantsi Mama Rannu ta fito daga kicin ta tarar da yarinyar nan a tsakiyar fili, a gaban hanya, tsintsiya a hannu, tana waƙa. Ba ta san lokacin da ta ruga ta kama tsintsiyar ba.

"Kawo, 'yata. Je ki zauna, ga shayi can."

"A'a Mama, aikina ne!"

"Ba aikinki ba ne. Saki."

Wannan ta ja, wannan ta ja, baƙin da ke kwance a baranda suka ɗaga kai suna dariya, wani har da ɗaukar hoto. Sai Marta ta daina dariya. Ta haɗa hannu biyu a ƙirji. "Mama, don Allah. In ban yi aiki ba, Darwis ya ce babu gado. Ki bar ni."

Mama Rannu ta saki. Amma ta kama hannun yarinyar ta zagaya da ita bayan bukkoki, wajen itatuwan kwakwa, inda mai wucewa ba zai hango ta ba, ta ce nan ne ya fi datti.

Daga ranar ta shiga wani irin aiki da ba ta taɓa yi ba, wato aikin ɓoye aiki. Tana sallame sallar asuba sai ta share filin gaba tas, ta wanke makewayi, ta cika durom, kafin ko ɗaya daga cikinsu ya motsa. Marta ta fito tana miƙa, ta duba fili ta riƙe baki.

"Mama, itatuwan tsibirin nan ba sa zubar da ganye ne?"

"Haka Allah ya yi su," in ji Mama Rannu.

Abin da ya rage musu kuwa, suna yi da zuciya ɗaya, wannan ba mai ƙwace musu. Sai dai Marta tana shara tana fuskantar iska, abin da ta tara ya koma inda ya fito. Yoris in ya ɗaura gidan sauro sai ya bar ƙofa a kusurwa wadda ko ɗan tsako zai shige. Ruwan sama da ake tattalinsa don sha, da shi ya wanke ƙasan banɗaki. Mama Rannu ba ta taɓa gyara musu a gaban idonsu ba, don gyara wa baƙo kunyata shi ne. Sai ta jira su ɗauki tabaran kallon kifi su faɗa ruwa, ta bi bayansu ɗaki ɗaki, ta kwance ta sake ɗaurawa, ta share ta sake wankewa. Kafin su dawo da gishiri a gashi ta koma kicin tana yanka albasa. Aikinta ya ninku, bayanta ya fara ciwo, gida kuwa bai taɓa yin kyau kamar lokacin ba.

Hadera mai kifi ce ta fara ganewa. Ƙawarta ce tun suna tsintar katantanwa a bakin ruwa, kuma bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Ta shigo da kwanon kifi a ka, ta tarar da Mama Rannu a durƙushe a ƙarƙashin gadon wani baƙo tana cusa bakin gidan sauro.

"Ke Rannu, kanki ɗaya kuwa?"

"Sauke murya, akwai mai barci."

"Ya tashi mana! Ba aikin dogon nan ba ne wannan? Ke ce 'yar sa kan ko su?"

"Yara ne, Hadera. Ba su iya ba."

"To ai abin da ake so ɗan tumbin nan ya gani ke nan, cewa ba su iya ba! Ke kuma kin tashi kina iya musu. Da hannunki kike kwashe kayanki daga ɗakin nan, wallahi. Ki naɗe hannu. Ki bar gidan ya yi wari. Ranar da Darwis ya zo ya toshe hanci, zai tuna wadda ta wanke masa kashi."

Mama Rannu ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar gado. Ta san gaskiya Hadera ta faɗa, ba tun yau ta sani ba. Ta ce za ta gwada.

Ta kuwa gwada. Wata safiya ta yi salla ta zauna a kan abin sallar, tana jin ganye na faɗowa a fili, ta ƙi tashi. Da rana ta ɗaga ta wuce gidan Hadera, aka ba ta turmi ta zauna a kai, aka ba ta kofi. Hadera ta sa ta ba masaukin baya don kada ta gani. Amma kunne ba ya ba da baya. Ta ji ƙarar bokiti, ta waiga. Ga Yoris can a kan hanyar gari, tsirara daga ƙugu zuwa sama, ɗauke da bokitin wankin makewayi, yana ta fito da baki. Ga matar liman tafe daga kasuwa. Matar liman ta tsaya, ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta juyo ta dubi Mama Rannu da ke zaune da kofi a hannu. Ta dai gaishe su ta wuce.

"Zauna," in ji Hadera, ta danne mata gwiwa. "Ba a mutuwa da kallo."

Ta zauna. Ta daure ranar, ta daure washegari. A rana ta uku wata yarinya 'yar Koriya, ƙarama mai sanyin murya, ta zo ƙofar kicin ta miƙo hannuwanta biyu. Sauro ya yi musu kaca-kaca, sun kumbura har gwiwar hannu, ta sosa har jini. Ba ƙara ta kawo ba, tambaya take ko akwai magani. Mama Rannu ta dubi hannuwan nan, kunya ta rufe ta. Wannan ma baƙuwa ce, a ƙarƙashin rufinta ta kwana, kuma da saninta ta bari aka cije ta. Ta shafa mata mai, ta ba ta haƙuri har yarinyar ta rasa na mene ne. Kafin azahar ta bi gadajen nan kaf ta gyara.

Da yamma Hadera ta leƙo, ta ga fili tas, ta ga durom cike.

"Na kasa," in ji Mama Rannu.

"Na gani."

"In na bar waɗannan su yi aiki, kunya. In na bar aikin ya lalace, waɗancan ne za su sha wuya. Ta ina zan bi, Hadera?"

Hadera, wadda ba a taɓa rufe mata baki ba, ta ajiye mata kifi biyu a kan tebur ta fita. Mama Rannu ta ji haushin kanta ranar, ta ji haushin hannuwanta da ba sa iya zama, ta ji haushin uwarta da ta koya musu.

Abin da ya ƙara ɗaure ta shi ne ta fara son Marta. Marta takan zo kicin da la'asar ta zauna a ƙasa, ta tsefe mata kai, ta nuna mata hoton kakarta a waya, wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya a gaban farin gida. Ta ce kakar ta rasu bara tana can wata ƙasa, ba ta samu jana'iza ba. Ta ce guzurinta ya ƙare tun kafin ta iso Labeka, ba don gadon nan na Darwis ba da tuni ta koma garinsu, ta koma ofishin da take kuka kullum kafin ta shiga.

"A nan nake barci, Mama. Na yi shekara biyu ba na barci. Ina jin na iya wani abu a nan. Kin ga yadda gidan ya yi kyau?"

"Na gani, 'yata. Sannunku."

Darwis kuwa yana can birni yana karanta abin da baƙi ke rubutawa game da masaukin a waya. Ya bugo mata yana murna. Wai kowa sai yabon tsabta yake, wai an ce 'yan sa kan Labeka ba su da na biyu. Ta riƙe wayar nesa da kunne, ta ce masa madalla.

Iskar yamma ta taso, ruwa ya fara duhu, jirgi ya fara zuwa da mutum uku ko huɗu. Darwis ya zo. Ya zagaya ɗakuna, ya leƙa makewayi, ya shafa yatsa a kan katakon gado ya duba. Sannan ya tara su a baranda, shi a kan kujera, Marta da Yoris a tsaye, Mama Rannu a bakin ƙofar kicin tana goge hannu da zani. Hadera tana kan matakala da kwanonta, wai kifi ta kawo.

"Gida ya yi kyau," in ji Darwis. "Ban taɓa ganinsa haka ba." Ya juyo. "Goggo, tsakaninki da Allah. Su suke wannan aikin? In har yanzu sai da hannunki, ki faɗa a nan, maganar hutu ta mutu, su kuma in sallame su."

"Kada ka sa Allah a maganar shara," ta ce.

"To na cire. Su suke yi?"

Marta ta gane tambayar. Ta juyo tana murmushi, ta ɗan ɗaga tafin hannuwanta da suka yi kanta, tana jiran shaida kamar ɗalibar da ta san ta ci. Ko kusa ba ta zargin komai. Mama Rannu ta dubi fuskar nan. Kalma ɗaya ce tsakaninta da ɗakinta, da kabarin Latang, da ƙarar ruwa a ƙarƙashin gada. Kalmar tana bakinta. Amma faɗinta yana nufin ta tsaya a gaban mutane ta ce wa baƙuwarta, ido da ido, ba ki iya ba, duk abin da kike alfahari da shi ni na yi, ɗauki jakarki. A Labeka ba a haifi wanda zai iya wannan ba, balle ita.

"Yaran kirki ne," ta ce. "Suna ƙoƙari."

"Ba haka na tambaya ba, Goggo."

"Su suke yi."

Hadera ta dire kwano. "Kai Darwis, ka ji tsoron Allah! Wace irin..."

"Hadera," in ji Mama Rannu, ba ta ko ɗaga murya ba, "kifinki yana shan rana."

Marta ta yi tsalle ta rungume Yoris, ta zo ta rungume Mama Rannu, ta sumbace ta a kumatu. Darwis ya ce to alhamdu lillahi, ya miƙe.

Ni dai har yau ban yanke hukunci a kan Darwis ba. Wasu sun ce da zuciya ɗaya ya tambaya, ƙofa ya buɗe mata ta ƙi shiga. Amma ɗan garin nan ne. Ya san abin da goggonsa za ta iya faɗa a gaban baƙo da abin da ba za ta iya ba. Da amsa yake nema, ga kicin nan, taku kaɗan ne, da ya ja ta ciki ya tambaye ta su biyu.

Ta bi shi har gadar jirgi da la'asar. Iska tana kaɗa mata mayafi, tana riƙe shi da haƙori.

"Darwis, maganar ɗazu..."

"Goggo, kin riga kin faɗa a gaban mutane. In na juya yanzu me zan ce musu? In ce ƙarya kika yi, ko in ce ba su iya ba? Zaɓi ɗaya, ni sai in je in faɗa."

Ta tsaya tana kallonsa. Ba ta zaɓa ba. Ya ce zai turo kuɗin jirgi, zai kuma gaya wa Nirma ta tare ta a tasha.

Ranar tafiyarta ta tashi da niyyar yin girkin ƙarshe, ta tarar Marta ta riga ta shiga kicin, hayaƙi ya cika ko'ina. Yarinyar ta tare ƙofa da ludayi.

"A'a! Yau ba ki taɓa komai. Yau ke baƙuwarmu ce, Mama."

Aka kama hannunta aka kai ta dogon teburin baranda, wanda ta yi shekara da shekaru tana gogewa ba ta taɓa zama a kansa ba. Aka sa ta a kujerar tsakiya. Yoris ya saƙala mata fure a kunne. Sauran baƙi suka zagaye ta suna tafi, suna ɗaukar hoto. Daga bayan kicin ana jin gudumar kafinta, ya fara auna ɗakin tun kayanta suna ƙofa.

"Kin yi sa'a, Mama," in ji Marta tana zuba mata abinci. "Za ki huta, ki yi wasa da jikoki. Kada ki damu da gidan, kin ji? Muna nan."

Mama Rannu ta kai loma ta farko. Shinkafar ta dahu a waje, cikinta tsakuwa. Kifin ya ƙone a fata, wajen ƙaya kuwa da sauran jini. Gishiri ko ƙwaya babu. Haka baƙin gidan nan za su ci gobe, da jibi, su kwana sauro yana shiga ta kusurwa, kuma ba ta nan. Kuka ya taso mata, ta haɗiye shi tare da shinkafar.

Marta ta durƙusa a gefenta, ta ɗora haɓa a kan tebur tana kallon bakinta.

"Yaya? Faɗi gaskiya, Mama."

Baƙo ba ya kushe abincin masu gida.

"Ya yi daɗi, 'yata," ta ce.

Marta ta yi ihun murna, ta jawo tukunya ta ƙara mata ludayi biyu. Mama Rannu ta gyara zama, ta sunkuyar da kai, ta cinye shi duka.